Masu Saran Itace

Ƙarfe biyun dare a Karantina.
Jidda ta jiƙe sharkaf, teku ya hana iska,
na'urar sanyi tana tari a bango.
Ni mai gyaran ta mutane, tawa ta gagare ni.
Na ɗora kwamfuta a kan jarka, na tanƙwashe ƙafa.

Kullum da duhu wasan yake farawa.
Taswira baƙa ƙirin, haske ɗan tafin hannu,
gida ɗaya, ma'aikata biyar.
Uku na tura ramin zinariya, biyu bakin daji.
Ba su da suna.
In ka taɓa ɗaya, sai ya ce, "To, ranka ya daɗe,"
ya saɓa gatari.

Da dukiya ta taru na kira ta:
Mai Bakan Ƙanƙara, furfura har gadon baya.
Aljihunta shida, ba ƙari,
kwalbar magani, zoben sauri, layar komawa gida,
sauran uku na jiran abin da gawa za ta yar.
Ta harbe kuraye a bakin rafi, ta hau mataki na biyu.
A na uku kibiyarta ta koyi daskarar da ƙafa.
Na shida kuwa sai wanda ya gani:
takan sauko da ƙanƙara a kan runduna guda,
sannan ta jira daƙiƙa tamanin
kafin ta sake, ko da gobara na cin gida.

Can ƙetaren duhu akwai Attayib,
ɗan Sinnar, mai wankin mota a Bawadi.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba, dodanninsa na sani.
Ya rubuto, "Ya zol, ka yi barci ne?"
Kafin in amsa sun rufe ta a kan gada.
Jan layin kanta ya yi ta ja da baya,
na danna kwalba, na makara.

Jaruma ba ta mutuwa, tsada take yi.
Ɗari huɗu da ashirin, in ji allo.
Na zauna ina kallon ƙidaya,
goma, goma, goma,
kowace goma a bayan wani ta zo.
Ta tashi da zobenta, da matakinta shida cif,
ba ta waiwayi ramin ba.

Attayib ya san wasa.
Karo na biyu bai bi ta kanta ba,
ya zagaya ta bayan dutse ya faɗa wa masu gatari.
Ba kiɗa, ba sanarwa.
Ƙidaya ce kawai ta tsaya.
Ga ta tsaye tsakar gida da baka mai walƙiya,
ko bukka ba ta iya kafawa.

Makon jiya Ilu ya zame daga tsani,
hawa na biyu, wani gida a Hamra.
Mai shago ya iso yana haki,
ya duba injin, ya juya shi, ya shafa,
sannan ya tambayi ƙafar.
Ga Ilu nan bayana yana minshari,
filasta fari har gwiwa, ya jingine ta da fanka.

Na rubuta wa Attayib, "A sake."
Sabuwar taswira, sabon duhu, mutum biyar.
Wannan Ilu ne, na ce, wannan Mamuda,
wancan Jibo mai walda, wancan ɗan Bangali mai tari,
na biyar ban ba shi suna ba, na san shi.
Na gina musu hasumiya kafin in kira kowa.
An ci ni a minti tara.

Ladan ya gyara murya. Waya ta yi ƙara.
Wani gida a Abhur, sanyi ya ɗauke, yara na kuka.
Na ce, "To, ranka ya daɗe,"
na laluba jakar sufana a ƙarƙashin gado.